Shaidar da Na Janye Ranar Lahadi

Agege, Legas.

'Yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ki tun kina zanen goyo, har ga shi yau kin ɗauki jaka za ki jami'a. Allah ya tsare motar da kike ciki, ya ba direba ido da haƙuri, ya sauke ku Jos lafiya. Na ce kada ki buɗe takardar nan sai kun wuce Ibadan. Idan tun a tasha kika buɗe, ba mamaki, halin babanki ne. Kafin ki ci gaba ki sha ruwa, gorar tana aljihun jaka na gefe. Na san za ki ƙi sha don kada fitsari ya matsa miki a hanya. Ki sha. Idan ya matsa ki ce wa direba ya tsaya.

Satin nan duk ina ta zagaya ki a gida kamar kazar da za ta yi ƙwai, in shigo ɗaki in fita, in buɗe jakarki in rufe. Kin ce, "Mama, ki zauna mana, kina sa ni jiri." Magana ce a bakina ta ƙi fita. A makarantar da na koyi aikin gwajin jini an koya mana cewa abin da aka gani a gwaji a rubuta shi yadda yake, kada a ƙara, kada a rage. Ni sabuwar fita ce, ko takardar shaidar digirin ban karɓo ba, don haka dokar tana nan ɗanya a kaina. Da ita zan rubuta miki.

Kina da sikila. Jininki SS ne, haka aka haife ki, haka yake har yau. Ni AS ce, babanki AS ne, kuma lokacin da muka yi aure a ƙauye can gefen Kafanchan ba wanda ya ce mu yi gwaji. Ban sa wannan cikin kurakuraina ba, domin da mun yi gwajin da babu ke, ni kuwa ba zan iya nadamar samunki ba. Kurakuraina daga baya suka zo.

Na farko shi ne shaidar da na bayar. Kina shekara tara aka yi wani dogon lokaci ciwon bai tashi ba. Kika yi ƙiba, kika fara tsalle-tsalle da yaran layi, na daina kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ranar Lahadin godiya ta ƙarshen shekara muka sa ankon zumuntar mata, ana buga tulu, ana kaɗa caki, mutane suna fita gaba ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya samu aiki a kasuwar Alaba, waccan ta haihu bayan dogon jira. Sai na ji ni ma ina so in riƙe makirufo. Na ja hannunki muka fita. Abin da nake da shi a hannu shi ne: 'yata ta daɗe ba ta yi ciwo ba. Abin da na faɗa shi ne: Allah ya warkar da 'yata, sikila ta tafi. Mata suka yi guɗa, aka ɗaga ki sama, fasto ya ɗora miki hannu. Da muka koma gida babanki ya cire takalmi, ya dube ni ya ce, "Maman Rahila, likita ne ya gaya miki, ko mafarki kika yi?" Na ce masa shi dai bangaskiyarsa ba ta wuce sitiyarin motar doya ba. Washegari ya kama hanyar Binuwai ɗauko kaya.

Ba da niyyar ƙarya na fita ba, murna ce ta kwashe ni. Amma murna ba ta canza sakamakon gwaji. Don haka ki ji: idan Allah ya yi miki alheri, ki faɗi alherin daidai girmansa. Idan wata guda ya ba ki babu ciwo, ki gode masa don wata guda. Kada ki yi masa ƙari. Ba ɗan kasuwar Idumota ba ne da ke neman mai kururuta masa kaya.

Na biyu ya biyo bayan na farko kamar jela. Damina ta zo, kwatocin Agege suka cika suka tumbatsa, kika dawo daga makaranta a jiƙe sharkaf. Kafin la'asar kina birgima a tabarma kina riƙe da ƙafa. Akwai asibiti kusa da mu, amma wata 'yar cocinmu tana aikin jinya a can. Sai na goya ki, yarinya mai shekara goma, na wuce ƙofar asibitin, na sa ki a danfo, bas ɗin hayar Legas, zuwa wani mai nisa inda ba wanda ya san mu. Go-sulo ya riƙe mu a hanya. Kina ta nishi, fasinjoji suna waigowa, wata Bayarabiya tana yi miki sannu da yarensu, "pele, pele." Na sunkuya na raɗa miki a kunne, "Yi shiru, ana kallonmu." Kika kama bakin zanena kika cusa a baki kika ciza. Zanen yana nan a ƙasan akwatina, da ramukan haƙoranki.

Da matan zumunta suka tambaye ki ranar Lahadi, na ce kin je hutu wurin gwaggonki a Ojo. Daga nan Ojo ta zama sunan asibiti a gidanmu. Maganinki ban taɓa daina ba ki ba, wannan kam ki shaide ni. Amma na juye shi a wata kwalba, duk wanda ya gani in ce bitamin ne. Kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyin bitamin ɗin ne da gaske, shi ya sa ƙaryar take yi mini sauƙin faɗa.

Ki lura da abin da na hana ki. A wurinmu idan mutum ya kwanta, ana zuwa dubiya. Mata su shigo da kunu a fulas, su zauna a bakin gado, su ce "sannu, ya jiki?", su yi waƙa ɗaya a hankali, su yi addu'a, wata ta share ɗaki, wata ta tafi da ƙanne gidanta. Ni kaina na je wa mutane da yawa. Ke kuwa duk kwanciyar da kika yi, daga ni sai babanki idan yana gari. Ba wanda zai zo duba yarinyar da aka yi wa guɗar warkewa. Ni na rufe ƙofar da bakina.

Shawarata a nan gajeruwa ce. Ranar da kika isa, kafin ki san inda ake sayar da abinci, ki nemi asibitin makaranta ki yi rajista, ki nuna musu katin da na sa a cikin jakar hannunki. Sannan ki gaya wa wadda kuke ɗaki ɗaya. Ki ce mata, "Ina da sikila, idan kin ga na kasa tashi kada ki jira in ce miki komai, ki nemo mota." Idan kin samu cocin da za ki riƙa zuwa, ki gaya wa mace ɗaya babba a ciki. Jos ba Legas ba ce, sanyinta yana shiga ƙashi, kuma sanyi yana ta da ciwon nan. Rigunan sanyi suna ƙasan jaka, safa tana cikin takalmin coci. Kada ki yi wanka da ruwan sanyi don kina sauri. Gidan sauro ma na sa, ki ɗaura shi tun daren farko, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne gare ki.

Na dawo kan magana. Kuskure na uku shi ne wanda ya fi hana ni sukuni. Tunda na riga na ce an warkar da ke, duk lokacin da ciwon ya dawo sai in nemi wanda ya jawo. Na binciki kaina, na binciki babanki, na zargi dangin da ke ƙauye. A ƙarshe na juyo kanki. Kina kwance ana ƙara miki ruwa, maimakon in ce sannu, sai na ce, "Rahila, kin yi addu'a da safe kuwa?" Kika ce kin manta. Na ce, "To, kin gani." Yarinya ƙarama, na ɗora miki laifin ƙwayoyin jininki.

Yanzu na gan su da idona. A shekarar ƙarshe ta karatu na roƙe ki ɗigon jini, kika miƙo yatsa kina dariya kina cewa, "Oga likita, a yi a hankali." Na shafa a gilashi na duba a madubin gwaji. Wasu ƙwayoyin a zagaye, wasu a lanƙwashe kamar lauje. Su ne ke maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini su hana shi wucewa, shi ne ciwon da kike ji. Rashin ruwa a jiki yana sa su, sanyi yana sa su, zazzaɓi da gajiya suna sa su, wani lokaci kuma ba a san dalili ba. Mantuwar addu'ar safe ba ta cikin abin da ke sa su. Na daɗe a kan kujerar nan ban ɗago ba, har malaminmu ya tambaya ko na ga wani abin mamaki ne.

Don haka duk wanda ya ce miki ciwonki alamar zunubi ne ko ƙarancin bangaskiya, ko da wane irin kwat ya sa, ko mutum nawa ke faɗuwa idan ya ɗaga hannu, ki gaishe shi da ladabi ki wuce. Wanda ya ce ki ajiye magani don ki nuna kin gaskata, ko ki yi azumin da ba a shan ruwa, kada ki koma wurinsa. Za ki gamu da su a makaranta, suna da zaƙin baki, wasunsu ma da zuciya ɗaya suke yi. Ni ma da zuciya ɗaya na yi. Talatu, matar nan mai sayar da gwanjo da ke zama bayanmu a coci, ta taɓa tare ni ta ce ɗanta ma SS ne, me na yi aka warkar da ke? Na ce mata azumi da addu'a. Ban ce mata ga asibitin da muke zuwa a ɓoye ba. Ta daɗe ba ta kai shi wurin likita ba, yau yaron yana ɗingishi, ƙugunsa ya lalace. Ciwon yana iya cin ƙugu ko ana zuwa asibiti, saboda haka ba zan iya cewa maganata ce ta jawo ba. Ba zan kuma iya cewa ba ita ba ce.

Kin san abin da ya tayar da duk wannan. Ranar bikin kammala karatuna kika sa leshi, kika riƙe mini hula, kika tsaya a rana ana ɗaukar hoto. Da mai hoto ya kawo, kowa yana yaba rigata, ni kuwa idonki na gani ya yi rawaya, da hannunki na hagu a dunƙule a jikin cinya. Na shiga ɗaki na same ki kina ninke kaya, na ce, "Ciwo kike yi ranar nan?" Kika ce, "Kaɗan." Na ce me ya sa ba ki faɗa ba? Kika ce, "Ranarki ce, Mama." Na matsa miki. Sai kika ajiye rigar da ke hannunki kika ce, "Ai an warkar da ni, ko kin manta? Idan na ce ina ciwo, wa ya yi ƙarya, ke ko Allah?"

Ranar sai na fita na hau wanke tukunyar da na riga na wanke. Ga amsar: ni ce. Allah bai taɓa cewa ya canza jininki ba, ni na faɗa da sunansa. Na lura kin bar ƙungiyar mawaƙa, na lura sai an kusa tashi kike shiga sujada ki zauna a bencin baya. Ban ga laifinki ba. Idan Allahn da na nuna miki shi ne wanda sai an ɓoye masa ciwo don kada ya ji kunya, ni ma da na gudu daga gare shi. Amma ba shi ba ne. Ki tuna Ubangijinmu a gonar nan kafin a kama shi: bai ce wa almajiransa lafiya lau ba, ya gaya musu ransa yana cikin baƙin ciki, ya roƙe su su zauna kusa da shi. Ya roƙi Uba a ɗauke masa wahalar, ba a ɗauke ba. Da ya tashi daga matattu kuma bai ɓoye tabon ƙusoshi ba, ya miƙa hannu aka gani. Wanda ya yi haka ba zai ce miki ki ciji zane ba.

Kada ki ɗauka na samu amsar komai. Ban san dalilin da ya sa bai warkar da ke ba. Na tambaye shi a coci, na tambaye shi a danfo, na tambaye shi a bakin gadon asibiti da kalmomin da ba zan rubuta a nan ba. Har gobe ina roƙo, domin na gaskata yana iyawa. Wata rana in tashi da ƙarfin zuciya, wata rana addu'ar ta tsaya mini a maƙogwaro. Idan taki ta tsaya, ki faɗa masa haka nan. Ki ce, "Ya Uba, yau ina jin haushinka, ƙafata tana ciwo." Addu'a ce. Wanda ke yi wa Allah ƙorafi bai bar gidansa ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne shaidar ƙarya ta danne ta gaskiya. Kin san dalilin da Malam Hamidu mai gadin layinmu, mutumin Maraɗi, yake kiranki 'yar Maraɗi. Lokacin da jininki ya yi ƙasa sosai likita ya ce sai an ƙara, kuma ya fi son jinin da ba AS ba, ni da babanki muka tsaya muna kallon juna. Malam Hamidu ya ji a bakin babanki, ya bar wa ɗan'uwansa gadi, ya biyo mu har can. Ya nemi likita da Hausarsu ya ce, "Ina lokotoron? A gwada nawa." Aka gwada ya dace. Da ya fito yana danne da auduga ya ce, "Madam, idan ta tashi ta ce fura take so, kada ku yi mamaki." Mutumin da ba danginmu ba, ba addininmu ba, ba ƙasarmu ba. Wannan ai abin tsayawa gaban ikkilisiya ne a yi guɗa. Ban taɓa faɗa ba, domin in na faɗa za a ce, ƙarin jini kuma, ba an warkar da ita ba?

Ranar Lahadin da ta wuce kin ce ba za ki coci ba, kina shirya kaya. Ga abin da ya faru. Da aka zo lokacin shaida na ɗaga hannu. Na riƙe makirufo da hannu biyu. Na ce, "Ku yabi Ubangiji," suka amsa. Na ce, "Na zo in janye wata shaida ce." Wani dattijo a gaba ya ce "Amin" da ƙarfi don sabo, matarsa ta zungure shi. Na ce shekarun baya na tsaya a nan na ce an warkar da Rahila, ba haka ba ne, tana da sikila har yau, duk zuwa Ojo da na ce ta yi asibiti ne. Na faɗi maganar Malam Hamidu. Na ce abin da Allah ya yi mana shi ne ya raya ki, ga shi za ki jami'a, kuma ina roƙo a yi miki addu'a a matsayin mai ciwo. Ba a yi guɗa ba. Mai buga jita ya rasa abin da zai buga. Fasto ya tashi ya yi addu'a gajeruwa, ya kira sunanki da sunan ɗan Talatu.

Talatu ta ja ɗanta suka fita ta ƙofar gefe. Zan je gidanta, ko za ta bar ni a tsaye a waje. Na riga na samo sunan likitan ƙashi da zan ba ta.

A bakin ƙofa Mama Ladi, shugabar zumuntarmu, ta kama ni da hannun nan nata mai kaushi. Ta ce, "Rifkatu, ke dai Allah ya shirye ki. Kin ɗauka makafi ne mu? Yarinya ta tafi Ojo ta dawo da tabon allura a hannu, wace irin gwaggo ce wannan?" Na ce, "Mama, me ya sa ba ku yi magana ba?" Ta ce, "Mu ce me? Uwa ta ce 'yarta lafiya, mu shigo da kunu mu ce ya jiki? Sau nawa na dama kunun nan na shanye abina." Sai ta fashe da kuka, ni ma na fashe, muna tsaye masu okada suna kallonmu.

Bargon nan mai kauri da kika tarar a kan jakarki jiya, wanda kika ce ya cika nauyi, ba ni na saya ba. Matan zumunta ne suka haɗa hannu, Mama Ladi ta shiga kasuwa da kanta ta zaɓo. Sun so su zo su yi miki sallama, na ce su bari tukuna, ban sani ba ko kina so, kuma na gaji da yanke miki hukunci ba tare da na tambaye ki ba. Idan kin dawo hutu ke za ki ce su zo ko kada su zo. Ban tilasta miki komawa waƙa ba. Ina dai roƙon kada ki yi wa Yesu hukunci da laifin mamarki.

Abu ɗaya nake nema. Zan riƙa kiranki, kin san ni, wataƙila fiye da yadda kike so. Idan na tambaye ki jiki, kada ki ce "da sauƙi" don haka ake cewa. Ni na koya miki amsar nan, ni nake roƙo ki ajiye ta. Ki ce mini ina ne, tun yaushe, kin sha me, wa ke kusa da ke. Idan ƙirji ne, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya hau, kada ma ki tsaya kirana, asibiti tukuna. Idan kuma lafiya ce, ki ce lafiya, zan yarda, mu gode wa Allah don ranar.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga sanyi da sauro da mugun aboki, ya ba ki mutane irin Malam Hamidu a inda ba ki zata ba. Ya zauna kusa da ke a ranar ciwo, ya ba ki bakin faɗa. Babanki yana gaishe ki, ya ce idan ya sauke doya a kasuwar Oyingbo zai kira, kuma wai kada ki bari 'yan Jos su raina miki Hausar Agege.

Mama Ladi ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa miki da bakinta da na dukan matan, na shekarun da ba su samu faɗa ba. Ni ma ina sa nawa bakin a ciki.

Sannu, Rahila. Ya jiki?

Mamarki,
Rifkatu